Ranar da Baba Ya Daina Jin Turanci

Masu jinyar tsofaffi a Birtaniya sun daɗe da lura da wani abu game da baƙin da suka tsufa a ƙasar. Mutum ya shekara arba'in yana aiki da Turanci, da shi yake cike takardu, da shi yake musu da direban bas, amma idan cutar mantuwa ta kama shi sosai sai Turancin ya riƙa zubewa, harshen da ya tashi da shi ya rage. Dattijon da ya je Landan ko Manchester karatu a shekarun 1970 kuma ya zauna, yanzu yana iya farkawa da asuba yana tambaya, da Katsinanci tsantsa, ko an kai wa Inna kokonta, alhali Inna ta daɗe da rasuwa. Ma'aikaciyar da aka turo ta taimaka masa da wanka ko "sannu" ba ta ji. Jikokin da aka haifa a can, Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba.

Hausawa ba su kai Yarabawa ko Ibo yawa a Birtaniya ba, kuma akasarinsu da sauran ƙarfinsu: likitoci, ma'aikatan jinya, malaman jami'a, ɗalibai. Shi ya sa zancen bai cika tasowa a wajen suna ko walima ba. Amma yana tafe. Ƙungiyar Alzheimer's Society ta ƙiyasta a 2024 cewa kusan mutum miliyan ɗaya ne ke fama da cutar a ƙasar, kuma za su kai miliyan 1.4 nan da 2040. Tun a 2013 wani kwamitin 'yan majalisar dokoki ya ce a Ingila da Wales akwai kimanin mutum 25,000 daga cikin baƙar fata da 'yan Asiya da sauran tsiraru masu cutar, adadin kuma zai haura 170,000 a 2051. Wani bincike na jami'ar UCL a 2018 ya gano cewa ana samun cutar a baƙar fata fiye da farare. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda suka yi mana katutu, suna cikin dalilai, domin suna lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa.

Duk da haka mu ne na ƙarshen zuwa asibiti. Da farko a ce tsufa ne. Idan Hajiya ta fara ɓoye kuɗi a cikin firji tana cewa surukarta ta sace, sai a ce gigin tsufa ne, a yi haƙuri da ita. Idan ta fara magana da waɗanda babu su a ɗakin, sai a bugo waya gida a nemi malami, a ce sammu ne ko iska. Ban ga laifin addu'a ba, kuma babu likitan da zai hana a yi wa marar lafiya tofi. Abin da ke damuna shi ne watannin da ke salwanta. Magungunan da ake da su, irin su donepezil, ba sa warkarwa, sassauta alamu kawai suke yi na ɗan lokaci, kuma sun fi amfani da wuri. Akwai ma abin da ya fi wannan tsanani: a dokar Ingila, mutum zai iya sa hannu a takardar wakilta wani ya kula da dukiyarsa da lafiyarsa ne kawai yana da sauran hankalin fahimtar abin da yake yi. Idan lokacin ya wuce, banki ba ya sauraron "ai ni ne babban ɗansa". Sai an je kotu, da kuɗi da jira.

A gida, nauyin tsoho a rarrabe yake. Matan gida na nan, jikoki na shiga da fita, idan kuma ya fice ya ɓace hanya, mai shagon bakin layi zai riƙo hannunsa ya ce, "Baba, zo mu je gida." A bene hawa na tara a kudancin Landan kuwa, mutum ɗaya ce, kusan kullum mace, 'ya ko matar ɗa ko matar tsohon da ita ma ta manyanta. Ita ce ke tashi ƙarfe biyun dare idan ya sa babbar riga ya ce zai tafi Juma'a. Ita ce ke fama da shi da yamma liƙis, lokacin da ruɗewar ta fi tsananta ga masu wannan cuta. Ita za ta amsa tambaya ɗaya sau ashirin, ta kuma kalle shi yana maimaita sallar La'asar saboda ya manta ya yi. Wasu daga cikin matan nan, abin mamaki, aikinsu ke nan na neman abinci. Bayan da aka buɗe bizar masu kula da tsofaffi a 2022, dubban 'yan Najeriya sun shiga gidajen jinya. Sai mace ta kwana tana juya tsohon wasu, ta dawo da safe ta tarar da nata.

Ga irin wannan matar aka kafa ƙungiyoyin sa-kai. Likitan unguwa zai tura marar lafiya asibitin gwajin ƙwaƙwalwa, a faɗi sunan cutar, daga nan kuma mafi yawan rayuwar yau da kullum tana hannun iyali da waɗannan ƙungiyoyi. Alzheimer's Society, wadda aka kafa a 1979, tana da masu ba da shawara a gundumomi da layin waya da za a iya neman tafinta a kai. Dementia UK tana da ƙwararrun ma'aikatan jinya da ake kira Admiral Nurses, waɗanda aikinsu ya fi karkata ga iyalin marar lafiya: yadda za a lallashi wanda ya ƙi wanka, abin da za a ce wa wanda ke neman matarsa da ta rasu. Rassan Age UK da cibiyoyin masu jinya na unguwanni suna da wuraren da tsoho zai wuni, su kuma taya cike takardu. Takardun nan ba wasa ba ne. Dokar kulawa ta 2014 ta ba mai jinya a Ingila haƙƙin ƙaramar hukuma ta duba bukatunsa shi kansa. Wanda ke jinyar wani aƙalla awa 35 a mako yana iya samun alawus na fam 83.30 a mako a shekarar 2025 zuwa 2026, idan ya cika sharuɗɗa. Wanda bizarsa ta hana shi cin kuɗin gwamnati ba zai samu wannan ba, amma shawarar ƙungiyar agaji ba ta cikin abin da aka hana shi. Da yawa ba su san haka ba, suna tsoron ko kiran waya zai ɓata musu takardun zama.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: rigar ba da awonmu aka ɗinka ta ba. Zaman shan shayi na masu cutar mantuwa, wanda wani masanin halayyar ɗan Adam, Bère Miesen, ya fara a Holan a 1997 ya kuma bazu a Birtaniya, abu ne mai amfani. Amma kai Alhaji can, a zaunar da shi cikin mata, a kira shi da sunan yanka, a sa waƙoƙin Turawa na zamanin ƙuruciyarsu a ce ya bi. Zai ce a mayar da shi gida, kuma yana da gaskiya. Abin da zai motsa shi muryar Shata ce ko Ɗanmaraya, ko karatun surorin da ya haddace a makarantar allo, waɗanda sau da yawa suna nan daram bayan sunayen 'ya'yansa sun tafi. 'Yan Asiya ta Kudu sun riga mu gane haka. A Bradford, Mohammed Akhlak Rauf ya fara shirin Meri Yaadain a 2006, yana shiga masallatai da gidajen rediyon unguwa yana bayani da harsunan mutanensa. Ko kafin mu kai nan, akwai wata 'yar takarda ta Alzheimer's Society mai suna This is me, inda iyali ke rubuta yadda marar lafiya yake so a bi da shi. A nan ake rubuta cewa Baba ake ce masa, namiji ne zai yi masa wanka, da hannun dama ake miƙa masa abinci, kuma yana bukatar buta a bayi.

Wasu kuma tsohon nasu ba ya tare da su. Tun da aka tsaurara dokar kawo iyaye a 2012, da wuya a ba tsohuwa izinin zama wurin ɗanta a Birtaniya. Sai jinya ta koma ta WhatsApp: a aika kuɗi, a kira da bidiyo, Hajiya ta kalli fuskar ta ce, "Yaron nan ɗan gidan wa ne?" Ƙanwar da ke Kano da ita kuwa ta gaji da umarnin wanda ke nesa. Masu tsoho a Birtaniya su ma suna da tasu muhawarar, ko a mayar da shi gida ya ƙarasa cikin danginsa. A Ingila, wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biyan kuɗin kulawarsa, don haka lissafin kuɗi yana goyon bayan komawa. Amma sauyin wuri yana ƙara rikita mai wannan cuta, kuma gidan da yake kuka a kai shi wataƙila na 1965 ne, ba wanda zai tarar ba. Wanda duk ya yanke shawara, ta nan ko ta can, bai cancanci gori ba.

Ƙungiyoyinmu na can sun iya haɗa kuɗi idan an yi rasuwa. Cikin kwana biyu an gama maganar makara da kabari. Jinyar da za ta ɗauki shekara bakwai ko takwas ce ba mu da tsari a kanta, don kunya ta hana mai jinya cewa ta gaji, kada a ce ta gaza da iyayenta. Ba sai mun kafa sabuwar ƙungiya mai ofis da hatimi ba. Limami zai iya faɗa a huɗuba cewa wanda hankalinsa ya gushe babu takalifi a kansa, don iyali su daina tilasta masa azumi. Shugabannin ƙungiya za su iya gayyatar reshen Alzheimer's Society na gundumarsu ya zo masallaci ya yi bayani na awa guda. Mutum biyar masu jin Hausa, maza da mata, za su iya ba da sunansu a cibiyar masu jinya ta unguwa su riƙa zama da tsoho awa biyu ranar Asabar, mai jinyar ta samu ta yi barci. Cibiyar za ta bukaci a binciki tarihinsu kafin su shiga gidan kowa, kuma hukumar da ke binciken ba ta karɓar kuɗi a kan 'yan sa-kai.