Garin Mose: Ba Don Allah Aka Buɗe Ƙofar Ba

Na gaji da wani guntun bidiyo da ke yawo a WhatsApp. Wannan karon ƙanena ne ya turo mini, ya ɗora da cewa, "Yaya, ka gani ko? Mutanen Sifaniya tun fil azal masu son baƙi ne, har bayi suka 'yanta suka gina musu gari." Na san inda ya dosa. Wata uku ke nan ba shi da zance sai na kwale-kwale da tsibiran Kanari na Sifaniya.

Garin dai an yi shi. Sunansa Mose, kimanin mil biyu arewa da San Agustin a Fulorida, lokacin tana hannun Sifaniya. Mazaunansa 'yan Afirka ne da suka tsere daga gonakin Turawan Ingila a Karolina. Na farkonsu sun iso cikin kwale-kwale a 1687: maza takwas, mata biyu, da jinjiri ana shayarwa. A 1693 Sarki Carlos na Biyu ya ba da umarnin a 'yanta irin waɗannan masu gudu. Nan bidiyon ya tsaya, ya sa kiɗa mai taushi. To, ni daga nan zan fara.

'Yancin yana da farashi. Sai ka karɓi addinin Katolika an yi maka baftisma, in kuma namiji ne ka ɗauki bindiga ka yi wa sarki yaƙi. Dubi kuma inda Gwamna Manuel de Montiano ya dasa garin a 1738: ta arewa, daidai hanyar da rundunar Ingila za ta biyo in ta kawo hari. Wato mutum kusan ɗari aka jera a bakin ƙofa su zama garkuwar masu gida. Kowane bawa da ya gudo, abokin gaba ya yi asarar ma'aikaci, Sifaniya ta samu soja a banza. Ina tausayi a nan? Lissafi ne irin na ɗan kasuwa.

Kuma kada a manta, a cikin San Agustin ɗin kanta ana bauta. Ka ɗauki shugaban mayaƙan Mose, Francisco Menéndez, ɗan ƙabilar Mandinka daga yankin kogin Gambiya. Ya gudo daga Karolina yana neman 'yancin da aka yi alkawari, sai ya tsinci kansa bawa a hannun wani jami'in Sifaniya, wanda sunansa ne ma aka laƙaba masa. Shekaru ya yi yana kai ƙara a rubuce kafin a sake shi a 1738. Bayan shekara biyu James Oglethorpe ya taso daga Jojiya da runduna ya mamaye Mose. Menéndez da mutanensa suna cikin waɗanda suka kai farmakin asuba suka ƙwato wurin, amma garin ya zama kango, ba a sake gina shi ba sai 1752. Menéndez kuwa daga baya Turawan Ingila suka cafke shi a teku, suka yi masa bulala ɗari biyu. Duk da haka ya komo. Jarumtar nan tasu ce, bai kamata mai bidiyo ya kwashe ladan ya miƙa wa sarki ba.

A 1763 Sifaniya ta miƙa Fulorida ga Ingila a teburin sulhu, mutanen Mose suka bar gonakinsu aka kwashe su zuwa Kuba. A 1790 kuwa, bayan Fulorida ta koma hannun Sifaniya, da sabuwar Amurka ta matsa, aka soke dokar mafakar gaba ɗaya. Irin dabarar Mose ɗin ce Sifaniya ta yi a Luwiziyana da Faransawan Akadiya a 1785: ga fili, ga kayan noma, ku tsare mana iyaka.

Saboda haka, samari, in an ce muku wata ƙasa na maraba da baƙi, ku tambayi wane irin baƙo, da wace takarda, kuma me za a karɓa a hannunsa. Ku tambayi wanda ya turo bidiyon ko ya taɓa taka ƙasar. Ku nemi wanda ya je ya dawo, ba mai hoto jingine da motar wani ba, ku zaunar da shi ya gaya muku inda ya kwana da abin da ya ci. Dillalin da ya ce a sayar da gona ko filin gado a ba shi, a ce ya fara tura ɗansa. Iyaye mata, ku daina ɓalle 'yan kunne a ɓoye kuna ba yaro kuɗin hanya. Hanyar tekun nan daga Senegal da Muritaniya zuwa Kanari tana cikin mafi cin rai a duniya. Masu tura duk abin da ya faɗo wayarsu kuma, ku ji tsoron Allah, rabin labari ma ƙarya ce.

Ƙanena, in ka karanta wannan, ka zo gida bayan isha'i mu yi magana, ka taho da wayar.