Zazzaɓin Cizon Sauro da Wanzuwar Gadon Amosanin Jini a Ƙasar Haɗeja

Tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: me ya sa gadon amosanin jini, wato sikila, bai ƙare a cikin al'umma ba, alhali kuwa yana hallaka yara tun ba su kai munzalin haihuwa ba?

Hemogulobin shi ne sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Kowane mutum yana gadon nau'i biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya gaji A da A jininsa lafiya lau, amma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya fi saurin kayar da shi. Wanda ya gaji S da S shi ne mai cutar, ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe hanyoyin jini. Mai A da S kuwa ba ya fama da cutar, kuma yana da kariya daga zazzaɓi mai kisa, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954. Ke nan mutuwa tana rage A ta wannan gefe, tana rage S ta wancan, na tsakiya kuma su rayu su yaɗa nau'in biyu duka.

Hujja mafi kusa da mu ita ce binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a Garki, yamma da Kaugama, daga 1969 zuwa 1976. An sami AS a jinin kashi 24 cikin ɗari na jarirai, amma kashi 29 na waɗanda suka haura shekara biyar. Wannan ƙari yana nuna cewa masu AS sun fi tsira. Jarirai masu SS kuwa kimanin kashi 2 ne, kuma ƙalilan ne suka kai girma.

Fadamun Kogin Haɗeja, inda ruwa kan kwanta bayan damina, matattarar sauro ce, don haka muna ganin wannan bayani ya shafi Kaugama da maƙwabtanta.

Daga ƙarshe, ya kamata mu lura cewa ko an ci ƙarfin zazzaɓi, gadon S zai daɗe yana bin zuriya. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai SS. Saboda haka wajibi ne yaƙi da sauro ya tafi tare da gwajin jini kafin aure da kuma kula da yaran da aka haifa da cutar.