Wayar Ƙasa: Garkuwar Na'urorin Sadarwa da Masu Aiki da Su

Garin Illela yana arewa da Sakkwato, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, daura da Birnin Ƙonni. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, cinikin dabbobi da hatsi a garuruwan kan iyaka irin wannan ya ƙara dogara da dogayen turakun sadarwa. A gindin turken akwai akwatunan ƙarfe masu ɗauke da batura da na'urori, ciki har da rauta, wato na'urar da ke zaɓa wa kowane saƙo hanyar da zai bi.

Wutar da ake rabawa gidaje kai-da-komowa take yi, sau 50 a daƙiƙa ɗaya, da ƙarfin bolt 230. Su kuwa na'urorin sadarwa suna amfani ne da wuta mai gudana fuska ɗaya, irin ta batir, galibi mai ƙarfin bolt 48. Ana samun wannan adadi idan aka jera batura 4 masu bolt 12, bakin wannan a bakin wancan. Wata na'ura ce ke juya wutar gari ko ta janareta ta koma irin ta batir, ta ciyar da rauta, ta kuma cika baturan.

Mai karatu zai iya tambaya: ina haɗari a wuta ƙanƙanuwa haka? Amsar tana cikin halittar jikin ɗan Adam. Wajen kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne mai gishiri, wanda lantarki ke ratsawa cikin sauƙi. Busasshiyar fata ce katangarsa, gumi kuwa yana raunana ta. Zuciya ma da ɗan lantarkin da take samarwa da kanta take daidaita bugunta. Idan rufin wata waya ya tsage, wutar gari ta taɓa jikin akwati, wanda ya dafa shi ya zama hanyar da wutar za ta bi zuwa ƙasa, kuma kashi 1 cikin 10 na amfiya ɗaya ya isa ya rikita bugun zuciyarsa. Batura su ma suna da nasu sharrin: sifana ko zobe da ya haɗa bakunansu biyu yana iya yin jawur nan take, ya ƙona hannu.

Maganin haɗari na farko shi ne wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Ana ɗaura ta a jikin akwati, a kai ta ga sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Da ita, wutar da ta kauce hanya za ta kwarara da yawa ta cikin waya, fiyus ya tsinke, mutum ya tsira. Haka nan ana haɗa bakin batir mai alamar tarawa da ƙasa, al'adar da aka gada daga zamanin wayar tarho, domin hakan yana rage cinyewar jan ƙarfe a wuri mai laima.

A yankin Illela, wahalar tana ga ƙasar kanta. Busasshen rairayi ba ya barin lantarki ya wuce sosai, saboda haka sandar da ta yi aiki a watan Agusta tana iya kasawa a watan Maris. Dole a nitsa ta har ta kai ga danshi, ko a kafa sanduna da dama a haɗa su. Wasu sukan zuba gawayi da gishiri a ramin, amma gishiri yana cin ƙarfe, ruwan sama kuma yana wanke shi. Lokacin da ya fi dacewa a auna ingancin sanda shi ne tsakiyar rani, kafin damina ta zo da aradu, wadda takan faɗa wa dogayen turaku.

Ƙa'idar aikin kuwa ita ce: a kashe wuta tun daga tushe, a auna a tabbatar ta ɗauke, a cire zobe da agogo, a duba alamar kowane baki kafin a haɗa. Wayar ƙasa ita ake fara ɗaurawa, ita ce kuma ta ƙarshe da ake kwancewa.