Kaurin Bango: Kowace Ƙasa da Abin da Take Tsoro

A yawancin gidajen zama na Amurka, ƙato mai ƙarfi zai iya huda bangon ɗakinsa da naushi ɗaya. Katakai ne ake jerawa a tsaye, faɗin kowanne bai kai santimita 9 ba, sai a rufe su gaba da baya da allon farar ƙasa mai kaurin rabin inci. Duka-duka bangon da ke raba ɗaki da ɗaki bai wuce santimita 12 ba. Dalili kuwa shi ne ƙasar tana da dazuzzuka, katako ya yi araha, kuma tun shekarun 1830 aka fara yayin haɗa gida da siraran katakai da ƙusa a Shikago. Bangon waje ya ɗan fi kauri, ana cusa masa audugar gilashi don tare sanyi.

Bajamushe ba zai kira wannan bango ba. A Jamus bulon jar ƙasa mai ramuka da aka saba ginin waje da shi yana da kaurin santimita 36.5, kafin a yi masa filasta. Tsoronsu hunturu ne da kuɗin ɗumama ɗaki. Gidan gwajin da aka kammala a Darmstadt a 1991, wanda kusan ba ya bukatar na'urar ɗumi, abin tare sanyin da aka manna masa a waje ya fi bulon ginin kauri.

Ingila kuwa wuta ce ta fara koya mata darasi. Bayan gobarar Landan ta 1666, dokar 1667 ta wajabta gini da bulo ko dutse, ta kuma ƙayyade kaurin bango gwargwadon tsayin gida. Daga baya ruwan sama ya zama abin damuwa, sai magina suka koma yin bango biyu da rata a tsakani, don kada laima ta ratso ciki.

A Japan nauyi shi ne abokin gaba. Gidan gargajiya ginshiƙan katako ne ke ɗauke da rufinsa, abin da ke raba ɗakuna kuma firam ne mai takarda da ake turawa gefe. Girgizar ƙasar 1923, wadda ta kashe mutum fiye da 100,000 a Tokiyo da kewaye, ta rusa gine-ginen bulo masu yawa, ta sa aka daina amincewa da tsuran bulo.

Inda rana ke ƙuna, lissafin ya sha bamban. A Shibam ta ƙasar Yaman akwai benayen laka masu hawa biyar zuwa goma sha ɗaya, bangonsu mai kauri daga ƙasa, yana siririncewa yayin da yake hawa. Haka maginin Hausa yake jera tubali: gindin soro da faɗi, sama da sauƙi. Wanda ya taɓa shiga zauren Gidan Makama a Kano da azahar ɗin bazara ya san amfanin abin. Laka tana shanye zafin yini a hankali, ba ta barinsa ya iso ciki sai bayan awoyi, lokacin da iskar dare ta fara sanyi. Wannan dabara tana aiki ne kawai inda dare ya fi rana sanyi sosai, shi ya sa ta dace da Kano da Agadas fiye da Legas.

Abin takaici ne yadda aka yi watsi da ita ba tare da an samo madadi ba. Bulon siminti mai inci shida ko tara, mai rami a ciki, ga rufin kwano a sama, kafin la'asar ɗaki ya zama tanda, sai a dogara da fanka da wutar da ba ta tsayawa. Gaskiya ne ginin laka yana cin fili, yana kuma son yaɓe bayan damina, kuma waɗannan ba ƙananan dalilai ba ne ga mai ƙaramin fuloti.

Amma akwai masu neman mafita. A Dandaji, cikin jihar Tawa ta Nijar, masu zanen gini Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon masallacin laka ɗakin karatu. An kammala aikin a 2018, kuma har da maginan gargajiya na yankin aka yi shi.