Gurbin Al'ada A Taswirar Birni

Duk lokacin da aka tashi yanka sabuwar unguwa, abin da ake fara zanawa a takarda shi ne titi, kwalbati, fulotai da shaguna. Da wuya a ware dandalin da yara za su yi langa da daddare, ko filin dambe da kokawa, ko rumfar masu sana'ar hannu. Sai an gama gini an tare, sannan a lura unguwa ta zama wurin kwana kawai, maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba.

Mutanen da can ba haka suka tsara garuruwansu ba. A Kano, ganuwar da aka soma ginawa a zamanin Sarki Gijimasu (1095-1134) ta kewaye gidaje da gonaki da makiyaya. Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da ake zaune a cikinta har yau. Kowace sana'a da kowane baƙo an ba shi mazauni, shi ya sa ake da Soron Ɗinki, Dukawa, Tudun Nufawa da Zangon Barebari. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, har gobe marina na tsoma zane a cikinsa. Shi kuwa filin Ƙofar Kudu, da ba a bar shi a buɗe ba, ina mahaya za su yi sukuwa su kai jafi ranar Hawan Daushe? Wannan hawan sallar ne UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Al'ada ba ta rayuwa sai da fili.

Yau kuwa an ci ganuwa ta ɓangarori da dama, an dasa gidaje da shaguna a kanta. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, daga baya aka gina sabuwa a gurbinta. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, waɗanda suke shanye ruwan damina, an cike da yawansu an yi gini, ruwa kuwa ya koma neman hanya ta ɗakunan mutane.

Ba dole ba ne sai an kashe tsoho kafin sabo ya samu wuri. Garin Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar ya nuna haka. Masallacin Juma'arsu na ƙasa ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan, har aka yi tunanin rushe shi. Sai masu zanen gine-gine biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara: a gyara tsohon ginin ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa. Aka kira maginan gargajiya na yankin suka sa hannu, aka buga bulo da jar ƙasar wurin. An kammala aikin a 2018. Yanzu ɗalibi zai tashi daga kan littafi ya taka 'yan taku ya bi jam'i, mata kuma sun samu ajujuwan koyon karatu a harabar. Ginin ƙasa ga sanyi lokacin bazara, ga kuɗin aiki ya tsaya a aljihun 'yan gari.

Darasin a fili yake. Kafin hukumar tsara birane ta amince da taswirar unguwa, ya kamata ta zauna da mai unguwa, sarkin magina, masu sana'a, malamai, mata da matasa, ta ji inda suke taruwa da abin da ba sa son a taɓa. A ware dandali a rubuce cikin taswira, yadda ba mai iya mai da shi fuloti. A ba magina da masu zanen dagi aiki a makarantu, kasuwanni da tashoshin mota, maimakon a riƙa tuna su sai ranar bikin baje koli.

Mu ma talakawa da namu. Wanda ya ɗebi ƙasar ganuwa ya yi yaɓe, da wanda ya sayi filin wasan unguwa ya kafa shago, ba gwamnati ba ce. Idan ka ga an fara kafa turaku a dandalin unguwarku, kada ka ce ba ruwanka: tara maƙwabta ku je wurin mai unguwa tun kafin a zuba harsashi.