GIRMAN KYAMARA DA MATSAYIN MAI HOTO A IDON JAMA'A

Daga Wakilinmu

A cikin shekarar 1900 wani kamfanin jirgin ƙasa na Amurka mai suna Chicago & Alton yana da sabon jirgi wanda yake ji da shi ƙwarai, har ya so a ɗauki hotonsa tun daga inji har tarago na ƙarshe a kan gilashi ɗaya. Mai hoton da aka ba aikin, George Lawrence, sai ya sa aka ƙera masa kyamarar da ba a taɓa ganin irinta ba. In an ɗora mata gilashinta nauyinta yakan kai laba 1,400, watau sama da kilo 600. Gilashin kuwa tsawonsa ƙafa 8 ne, faɗinsa ƙafa 4 da rabi, sai da ƙarti 15 suka taru a kanta kafin a kai ta bakin layin dogo.

Mai karatu zai ce ai wannan almubazzaranci ne, amma akwai dalili. A zamanin nan galibi girman hoto daidai yake da girman gilashin da aka ɗauke shi a kai, domin ana ɗora dodon hoton ne a kan takarda a wanke shi yadda yake. Wanda yake son babban hoto tilas ya nemi babban gilashi, babban gilashi kuwa sai babban akwati. Tun daga nan har zuwa yau da kyamara ta shige cikin wayar aljihu, duk lokacin da ta ragu sai abu biyu su sake: wuraren da mai hoto zai iya kaiwa, da irin kallon da jama'a suke yi masa.

Tun da Louis Daguerre ya bayyana dabararsa a birnin Faris cikin 1839, ɗaukar hoto aiki ne na mai haƙuri. Mutum yakan zauna ƙiƙam, wani lokaci har da ƙarfe a bayan ƙeyarsa don kada ya motsa. Dabarar da Frederick Scott Archer ya fito da ita a Ingila cikin 1851 ta rage wannan zama, amma ta ƙara wa mai hoto kaya. Sai ya shafa magani a gilashi, ya ɗauki hoton, ya wanke shi, duk kafin maganin ya bushe, abin da ba ya wuce kamar minti 10 zuwa 15. Ke nan duk inda za shi, ɗakin wankinsa yana biye da shi.

Da Roger Fenton ya tafi yaƙin Kirimiya cikin 1855, keken doki ya saya daga wani mai sayar da giya ya mayar da shi ɗakin wanki. Keken yana da girma, ana hango shi daga nesa, har igwar Rasha takan auna shi. Sojojin Ingila kuma suka dame shi da roƙon ya ɗauke su don su aika gida. Ya koma da hotuna kusan 360, amma babu na artabu a ciki, sai na hafsoshi da tantuna da filayen da aka riga aka gwabza. Kayansa ba su iya bin dakaru a guje.

To, amma wannan nauyi ya zo da wata daraja wadda a ganina ba a cika lura da ita ba. Babbar kyamara ba ta ɓoyuwa. Kafin mai ita ya kafa mata ƙafafunta uku, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya daidaita idonta, duk wanda yake wurin ya san abin da ake ciki. Wanda ba ya so ya kauce, wanda yake so ya gyara zaman hularsa. Watau nauyin kyamara shi ne ya tilasta wa mai hoto neman izini.

Dattawan ƙasar nan ba su manta da masu hoton nan na "jira ka karɓa" ba, waɗanda sukan kafa akwatin katako a bakin kasuwa ko kusa da ofishin gwamnati, su zura hannu cikin akwatin su wanke hoton fasfo nan take. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta ya buɗe ɗakin hotonsa cikin 1948, yana aiki da kyamara mai dodon hoto na santimita 13 da 18. Ya tanadi rediyo da agogo da alƙalami da kwat da babur, kowa ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi, kuma galibi sau ɗaya yake ɗaukar mutum. Wanda ya dubi hotunan nan zai ga mutane ne da suka shirya, suka fito yadda suke so jikokinsu su san su. A irin wannan ciniki mai hoto kamar tela yake ko wanzami, mai sana'a ne da ake zuwa wurinsa da girmamawa.

Wanda ya fara rusa wannan tsari shi ne George Eastman na garin Rochester a Amurka. Cikin 1888 ya fito da Kodak, ɗan akwati da ake riƙewa a hannu, da fim na hoto 100 a ciki, a kan dala 25. In fim ya ƙare sai a aika da akwatin kamfani, a biya dala 10, su wanke su sa sabon fim su mayar. Cikin 1900 kuma aka fito da Brownie a kan dala ɗaya tak. Alherin wannan sauƙi ya iso har nan: da Brownie ta fam biyu J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara cikin 1950, shi ne kuwa daga baya, tun daga 1968, ya tara hotunan kitson matan Nijeriya kusan dubu.

Amma a Amurka murna ba ta daɗe ba. Jaridu suka shiga kuka da 'yan Kodak masu laɓewa a bakin teku suna ɗaukar mata ba da saninsu ba. Cikin 1890 lauyoyi biyu, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka rubuta shahararriyar maƙalarsu kan haƙƙin mutum na a bar shi da sirrinsa, suka kuma ambaci hoton da ake ɗauka farat ɗaya a cikin abubuwan da suka keta alfarmar gida. Shekara biyu ke nan kacal da fitowar Kodak, har mai hoto ya soma zama abin zargi.

A Jamus kuma akwai wani ma'aikacin kamfanin Leitz na garin Wetzlar, Oskar Barnack, mai son yawo a duwatsu, amma ciwon asma ya hana shi ɗaukar kaya masu nauyi. Wajen 1913 zuwa 1914 ya ƙera 'yar kyamara mai aiki da fim ɗin silima, dodon hotonta milimita 24 da 36, da nufin a ƙara masa girma a ɗakin wanki. Yaƙin Duniya na Farko ya jinkirta al'amarin, sai cikin 1925 aka kai ta kasuwar baje koli ta Leipzig da sunan Leica. Tana shiga aljihun kwat, tana ɗaukar hoto 36 kafin a sake fim.

Daga nan aka sami wani sabon irin mai hoto, wanda gwanintarsa ita ce kada a lura da shi. Erich Salomon, Bajamushe mai digirin shari'a, ya taɓa ɓoye kyamara a cikin malafarsa ya ɗauki hoto a kotun da aka hana. Yakan sa kwat irin ta jakadu ya shiga taron ministocin Turai da 'yar kyamararsa Ermanox, ya ɗauke su suna gyangyaɗi bayan an raba dare ana shawara. Aristide Briand, ministan harkokin waje na Faransa, ya yi masa laƙabi da sarkin masu shisshigi. Henri Cartier-Bresson na Faransa, wanda ya soma riƙe Leica wajen 1932, yakan liƙe wuraren da suke ƙyalli a jikinta da baƙin tef don kada ido ya kai gare ta. Walker Evans kuwa, tsakanin 1938 da 1941, ya riƙa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York da kyamara a cikin rigarsa, idonta yana leƙe ta tsakanin maɓallai. Bai buga hotunan a littafi ba sai 1966. Hotuna ne masu ban tausayi da kyau, amma ko ɗaya daga cikin fasinjojin ba a tambaye shi ba.

Wani abin lura a nan shi ne, yadda ake riƙe kyamara ma yana da nasa tasiri. Rolleiflex, wadda ta fito cikin 1929, a ciki ake rataye ta, mai hoto ya sunkuyar da kai yana duba gilashinta ta sama. Mai sunkuyar da kai ba ya tsorata mutane kamar wanda ya ɗaga abu zuwa idonsa ya auna su.

Ko da yake ƙananan kyamarori sun yawaita, 'yan jaridun Amurka sun daɗe suna riƙe da Speed Graphic, mai fim na inci 4 da 5 da ƙatuwar fitila a gefe. Da irinta Joe Rosenthal ya ɗauki hoton kafa tuta a tsibirin Iwo Jima cikin 1945. Girmanta ya zama kamar katin shaida, ana ganin ta an san ɗan jarida ne. Wannan ɗabi'a tana nan har yau a wurin bikin aure da taron gwamnati, inda ake buɗa wa mai babbar kyamara hanya zuwa gaba, kuma mai biki ya fi sakin hannu ga wanda ya zo da kaya niƙi-niƙi, ko da kuwa wanda ya zo da ƙarama ya fi shi ido.

Ba kuma don burga kawai ake ɗaukar manyan kaya ba. Idon kyamara mai jawo nesa dole ne ya yi faɗi don ya tara isasshen haske. Alal misali, irin mai milimita 600 da ake ɗaukar wasan ƙwallo da namun daji da shi, faɗin gilashinsa na gaba yakan kai wajen santimita 15, nauyinsa kilo uku ko fiye. Babu dabarar da za ta shigar da wannan aljihu.

Sai dai doguwar kyamara a kafaɗa, in an hango ta daga nesa, tana kama da wani abu dabam. Ranar 17 ga Agusta 2003 sojojin Amurka suka harbe Mazen Dana, mai ɗaukar hoton talabijin na kamfanin dillancin labarai na Reuters, a gaban kurkukun Abu Ghraib na ƙasar Iraƙi, suka ce sun zaci kyamararsa bindigar harba roka ce. Ranar 12 ga Yuli 2007 jirgin sama mai saukar ungulu na Amurka ya buɗe wuta a kan wasu mutane a Bagadaza, cikinsu har da Namir Noor-Eldeen, mai hoton Reuters ɗan shekara 22, da direbansa Saeed Chmagh. Fim ɗin da WikiLeaks ta fitar cikin 2010 ya nuna yadda matuƙan suka ɗauki kyamarar a matsayin makami. Abin da yake buɗe wa mai hoto ƙofa a wurin biki, shi ne ya jawo ajalin waɗannan bayin Allah.

Kyamarar da ba ta bukatar fim ita ma da nauyinta ta fara. Wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak cikin 1975 ta kai kilo uku da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kaset. Wajen 1999 zuwa 2000 kamfanonin Japan, Kyocera da Sharp, suka soma sa kyamara a wayar salula. Kasuwar kyamarori ta kai ƙololuwarta cikin 2010, lokacin da masu ƙera su suka fitar da fiye da miliyan 120. Zuwa 2020 ba su kai miliyan 10 ba. Cikin Mayu 2013 jaridar Chicago Sun-Times ta sallami ma'aikatan sashen hotonta su 28 a rana ɗaya, ta ce wakilai su koyi ɗauka da waya.

Yanzu al'amarin ya juye har ya zama abin dariya. A ƙofar ma'aikata ko filin wasa, mai gadi yakan tare mai babbar kyamara ya nemi takardar izini, alhali mutum goma sun wuce ta gabansa kowa da kyamara a aljihu. Wanda aka tare shi ne wanda ya fito fili da nufinsa, kuma galibi shi ne mai edita a bayansa da za a iya kai ƙara wurinsa. Wannan ba ya nufin waya ba ta da nata amfani. Da waya Darnella Frazier, yarinya 'yar shekara 17, ta ɗauki yadda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd a birnin Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020. Fim ɗinta ya zama shaida a kotu, kwamitin lambar Pulitzer kuma ya karrama ta cikin 2021. Ba wakilin jarida ba ce, ta fito kanti ne tare da 'yar'uwarta.

Wasu ƙasashe sun nemi hanyar mayar da sanarwar nan da babbar kyamara take yi da girmanta. A Japan da Koriya ta Kudu, saboda yawan masu ɗaukar mata a ɓoye cikin jiragen ƙasa, wayoyin da ake sayarwa sukan yi ƙara duk lokacin da aka ɗauki hoto, ko da mai wayar ya kashe sautinta. A Koriya ta Kudu tun wajen 2004 aka shimfiɗa wannan ƙa'ida, a Japan kuwa kamfanonin waya ne suka yarda da ita a tsakaninsu. Ƙarar kanta naɗaɗɗiya ce, an kwaikwayo ta ne daga ƙarar murfin idon tsofaffin kyamarori, domin a cikin galibin wayoyi babu abin da yake buɗewa ko rufewa.