Abin dubawa kafin kiran mai gyaran makewayi

A Maraɗi da Damagaram, magidanta da yawa ba sa gane makewayinsu na zamani yana yoyo sai takardar kuɗin ruwa ta iso da nauyi. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. Rufe duk pampunan gida, ka duba kwantar ruwa. In tana juyawa, akwai inda ke tsiyaya. Sai ka zuba bula kaɗan cikin tankin makewayi. In shuɗin ya sauko alhali ba a ja ruwa ba, galibi robar ciki ce ta mutu, ita za a sake.

Wajen zaɓen plombiye, tambayi maƙwabcin da ya ga aikinsa. Ku daidaita kafin ya taɓa komi, kuɗin hannu daban, na kaya daban, kuma ku je shago tare. In sabon makewayi za a kafa, faɗin tiyon fita ya kai milimita 100, ya gangara zuwa rami, don gudun toshewa da wari. Kada ka cika masa kuɗinsa sai an ja ruwa a gabanka, ka ga ƙasa a bushe.